Bakin Waya a Ambursa

Motar haya ba ta bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu da baki a rufe. Tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce, ba ta kai ta barci ba, kuma ta fi ƙarfin zaman shiru. Tun kamasho bai gama ƙirga kai ba direba ya riga ya soka memori. Da sassafe karatun Alƙur'ani ne, in hantsi ya dubi ludayi sai wa'azi ko labarai, da la'asar kuwa filin na su Narambaɗa ne da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo. Akwai direban da ya fi son Gambu mai waƙar ɓarayi, wanda ɗan jihar Kebbi ne, amma yakan duba fuskokin fasinjoji a madubi kafin ya saka shi.

Tamu Sharon ce da ta ga jiya ta ga yau. An ɗaura mata amfilifaya a ƙarƙashin kujerar gaba, ga wani ƙaton akwatin sifika a but yana kokawar wuri da buhunan shinkafa. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin ƙasar Kabi kan haura digiri 40, ƙarfen ƙofa ma sai da dabara ake taɓa shi. Muka wuce Gwadangaji, muka wuce Zauro. A hannun hagu fadamar gulbi ta shimfiɗu kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta tari, jefi-jefi kuma ka hangi faifan sola a jingine a bakin gona. Waɗannan sun yawaita ne bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da manomi ya ga injin zai cinye masa gona.

Tun daga Gwadangaji kiɗan ya fara ɗaukewa. Duk ramin da mota ta faɗa sai kotson Narambaɗa ya yanke a tsakiyar ɗiya, direba ya kai wa dashbod mari, sauti ya dawo. Ya saba da abin har marin ya zama kamar wani sashe na tuƙi. Muna shiga Ambursa wata dattijuwa a kujerar tsakiya ta ɗaga murya.

"Direba, tsaya don Allah. Wani abu na ƙuna cikin motag ga."

"Inna, birki ne. Zahi ya yi yawa."

"Ɗana, na san warin birki. Wanga warin roba ne."

Ya tsaya.

Mafi yawan baƙi sun san Ambursa ne saboda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, inda maniyyatan jihar ke tashi zuwa Saudiyya. Amma garin ya girmi jirgi nesa ba kusa ba. Tun da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, wannan tsakanin na Gwandu da Argungu ya zama fagen dawakai, Ambursa tana ɓangaren Gwandu. Yau abin da ke kai-komo tsakanin garuruwan biyu shinkafa ce da kifi da albasa, sai 'yan kabu-kabu da ba su san girman kowa ba.

Mai wayarin ɗin da aka kai mu wurinsa dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa inuwar dogonyaro ce da benci guda da wani tsohon akwatin ƙarfe cike da guntayen wayoyi. Bai tambayi komai ba. Ya buɗe gaban mota ya cire kan batir na baƙar waya tukuna, sannan ya durƙusa ya jawo amfilifayar daga ƙarƙashin kujera ya ɗora ta a kan benci, muka zagaye shi kamar masu kallon fiɗa.

Jar wayar da ke kawo wuta daga batir kaurinta ya kai na fensir. Inda ta shiga ramin amfilifaya, robar da ke kewaye da ramin ta narke ta koma ruwan ƙasa, ta yi kumfa ta bushe. Ya sa yatsa biyu ya juya sukurun da ya kamata a ce sai da sukundireba, ya juyu salin-alin. Da ya zaro wayar, sai ga bakinta: kusan rabin silin ya gutsure ya zauna a cikin ramin, sauran sun yi baƙi ƙirin, sun baje hagu da dama. Sili ɗaya ya lanƙwashe waje, saura ƙiris ya taɓa ramin da ke maƙwabtaka da shi, na wayar da ke komawa jikin mota. Dattijon ya bi wayar da hannu har gaban mota don ya ga fiyus. Gidan fiyus ɗin yana nan, amma abin da ke cikinsa wata guntuwar waya ce da aka naɗe.

"Wa ya yi ma wanga aiki?" in ji shi.

"Baba, can wani wuri anka yi shi. An daɗe."

"To ka gode ma Allah, ka gode ma tsohuwag ga."

Abin da ya faru a bakin wannan waya ba tsafi ba ne, lissafi ne. Wutar gida bolt 230 ce, na'urar da ke cin wat 500 ba ta jan abin da ya wuce amfiya biyu da 'yan kai. Mota kuwa bolt 12 take da shi, in inji na aiki ya kai 14. Amfilifayar da za ta fitar da wat 500 a mota, in aka ƙure ta, takan ja kusan amfiya 50. Zafin da mahaɗi ke haifarwa ba ya bin yawan wutar kai tsaye, yana bin ninkinta ne a kanta. Idan mahaɗin ya yi sako-sako har turjiyarsa ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om, abin da mitar hannu ta gama-gari ba za ta ma gani sosai ba, amfiya 50 za ta haifar da zafin wat 25 a wurin da bai kai faɗin farce ba. Ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo ma tsakanin wat 25 ne da 40. Zafin na sa ƙarfe ya buɗe, in ya huce ya tsuke, sukuru ya ƙara sakewa. Jan ƙarfen ya yi baƙi, baƙin ya ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi. Ramukan hanya suna ta girgiza abin da ya rage.

Kuma ba za a ce a sa wa mota waya mai sili guda ba, irin ta bangon gida, domin girgiza za ta karya ta. Dole wayar mota ta zama tarin silla ƙanana masu laushi. Matsalar ita ce sukurun da ke danne ta. Tsintsiya ce ba maɗauri: ka danna ta a tsakiya, tsinkaye su watse gefe, waɗanda suka tsaya a ƙarƙashin dannin su kakkarye. A ƙarshe wutar da aka yi wa hanyar sili ɗari sai ta matsu ta bi ta talatin.

Dattijon ya yanke wurin da ya ƙone har ya kai ga jan ƙarfe mai haske, ya aiki yaronsa ya ɗauko dalma. A nan ne wani saurayi da ke zaune kusa da ni tun daga tasha ya yi gyaran murya. Argungu za shi, wai an kira shi ya duba akwatin famfon sola a wata gona.

"Baba, in ba za ka ji haushi ba, ina da wani abu a jaka."

Ya fito da wani akwatin roba mai ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki cike yake da 'yan bututu farare masu sheƙi, kowane da wuyan roba mai launi: fari, toka-toka, ja, baƙi, shuɗi, rawaya. Shi ferul yake ce musu, dattijon ya ce hular waya. Bututun jan ƙarfe ne siriri da aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa. Launin ba ado ba ne. A ƙa'idar Jamus mai lamba DIN 46228, wadda akasarin masu ƙera su ke bi, kowane launi na nuna kaurin wayar da zai ɗauka a ma'aunin milimita murabba'i: 0.5 fari, 0.75 toka-toka, 1 ja, 1.5 baƙi, 2.5 shuɗi, 6 rawaya, sannan launukan su sake zagayowa a manya, 10 ja, 16 shuɗi, 25 rawaya. Akwai wasu kamfanonin da ke da nasu tsarin launi, don haka mai hankali lambar da ke jikin leda yake karantawa. Wani ƙarin ruɗanin kuma shi ne wayoyin kiɗan mota da ma'aunin Amurka ake sayar da su, inda lamba ke ƙanƙancewa waya na ƙara kauri. Mai lamba 8, irin ta motarmu, ta haura milimita murabba'i 8 kaɗan, hularta ita ce 10. Mai lamba 4 ta kai 21, hularta 25.

Dattijon ya ɗauki guda ya juya ta a tafin hannu.

"Ɗana, mu da dalma munka saba. In ka shahe bakin waya da dalma, sili ko ɗaya ba ya hita."

"Haka ne Baba, ranar farko. Amma dalma taushi gare ta. Sukuru na danna ta tana gudu a hankali, in an yi wata biyu sai ka tarar ya sake."

A nan ina bayan saurayin, duk da ban ce uffan ba a wurin. Dalma tana da amfaninta a inda aka haɗa waya da waya ko a kan faifan rediyo, amma a ƙarƙashin sukuru ita ce maciya amana. Tana lotsawa da matsi, zafi na ƙara mata saurin lotsawa. Ban da haka takan tsotsu ta hau cikin silla ta sandarar da wayar zuwa wani wuri, kuma daidai inda sandarewar ta ƙare nan girgiza ke karya ta. Aikin yakan yi kyau a ido ranar da aka yi shi, shi ya sa ya daɗe yana yaudarar masu sana'a na ƙwarai.

Dattijon bai yi gardama ba, ya matsa gefe ya ce a nuna masa. Saurayin ya gwada tsawon bututun a jikin waya da babban yatsa, ya feɗe roba daidai wannan tsawon, yana lallaɓa wuƙar kada ta ci sili. Bai murɗe silin da ƙarfi ba, ya dai daidaita su da yatsu, ya zura jar hular har robar waya ta shige cikin wuyanta, kan silin ya leƙo daidai bakin bututu. Sai ya ɗauko filayar matsewa, mai baki huɗu da ke haɗuwa a tsakiya. Ya danna, tana ƙaras-ƙaras, ba ta sake shi ba sai da ta kai ƙarshe. Da ta buɗe, bututun da yake zagayayye ya koma mai kusurwa huɗu, da 'yan layuka a jikinsa inda haƙoran suka kama. Ya miƙa wa dattijon.

"Ja, Baba."

Ya ja da iya ƙarfinsa, har jijiyar hannunsa ta tashi. Hular ba ta motsa ba. Ya kai ta kusa da ido ya duba bakin, inda silin suka dunƙule suka zama abu guda ba ko kafar iska.

"Lalle," kawai ya ce.

Sai dai da aka zo sakawa, dattijon ne ya karɓi aikin, kuma a nan aka ga shekaru ba ƙarya ba ne. Ya ƙi yarda a mayar da wayar cikin ramin yadda yake. Ya kankare baƙin da ke ciki da bakin ƙaramar sukundireba, ya zazzage guntayen silin da suka maƙale, ya ce ko hular zinari aka sa a rami mai datti sai ta yi zafi. Ya bi baƙar wayar da ke komawa jikin mota, ya tarar an ɗaure ta a notin kujera a kan fenti. Ya kwance, ya goge wurin da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ya sa mata kai mai zobe. A nan hula ba ta da aiki, haka ma a kan batir. Wurinta shi ne ramin da sukuru ke danna waya kai tsaye. Sannan ya cire waccan guntuwar waya daga gidan fiyus ya jefar, ya sa fiyus na gaske. Direbobi da yawa sun ɗauka fiyus amfilifaya yake karewa. Wayar yake karewa, da motar da mutanen da ke cikinta, shi ya sa ake son ya zauna kusa da batir, kada ya wuce kamar santimita 45. In robar waya ta goge a jikin ƙarfe a wani wuri ƙarƙashin kafet, batirin mota na iya turo ɗaruruwan amfiya nan take, kuma babu abin da zai tsayar da shi sai fiyus.

Saurayin ya ƙara wa wayoyin sifika baƙaƙen huluna na 1.5. Direba sai duban agogo yake yi, fasinjoji sun fara tsaki. Da aka zo biya kuwa, ya yi ta ciniki kamar zai sayi akuya.

Wannan cinikin ne ya amsa mini tambayar da nake ta juyawa a rai, dalilin da ya sa abu mai araha haka bai shiga garejinmu ba. Ba jahilci ba ne. Mutumin da ya gano fenti a ƙarƙashin noti da ido kawai ba jahili ba ne. Hular kanta ba ta da tsada, amma filayar matse ta kuɗi ce, kuma irin ta saurayin iyakarta 10; wadda za ta matse 25 ko 50 wata ce daban, ta fi tsada. Wa zai biya? Mai mota zai zuba kuɗi a kan sifika saboda ana ganinta, ana jin ta, abokai na yabawa. Santimita biyu na ƙarshen waya, a ƙarƙashin kujera, babu mai gani. In mai wayarin ya ƙara wani abu a kan kuɗin aiki saboda ya sa hula, sai a ce ya cika tsada a koma wurin na gaba da shi, wanda zai murɗe sili da yatsa ya naɗe da salatif ya sallame ka cikin minti biyar. Mu masu motoci mu muka koya musu gaggawa, sannan mu dawo muna zaginsu in hayaƙi ya tashi.

Shi saurayin a wata duniya ya koyo. Ya ce a akwatin sarrafa injin casar shinkafa ya fara ganinsu lokacin da yake koyon aiki, jere reras, kowace waya da hularta da lambarta. Jihar Kebbi ta samu irin waɗannan manyan injina, ga Labana a Birnin Kebbi, ga WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, bayan shirin ba manoman shinkafa rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Sai kuma sola ta zo, wadda ita ma ƙaramin bolt ce mai jan wuta da yawa, mai ramukan sukuru iri ɗaya da na amfilifaya. Mai sola in mahaɗinsa ya ƙone, inbata mai tsada ce ta tafi, kuma gidansa za a biyo shi. Dole ya koyi hula. Mai wayarin mota kuwa, wanda ya yi wa aiki yau gobe yana Jega ko Kamba.

Muka isa Argungu rana ta karkata. Na leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan ajiye kayan tarihi a 1958, na ga tambura da sulke da kaburburan sarakunan Kabi. Na gangara Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ba lokacin biki ba ne, ruwan ya ja baya, yara na wanka, wani masunci na gyaran homa a inuwa.

Amma idona ya riga ya lalace, wayoyi kawai yake gani. A bakin kasuwa ga motar mai maganin gargajiya, lasifika biyu a kan rufi, tana ta jero basir da shawara da sanyin ƙashi. Irin waɗannan motoci, da na sanarwar wa'azi, da na rigakafi, da na 'yan siyasa in kakarsu ta zo, su sauti ba nishaɗi ba ne a wurinsu, shi ne jarin. Na leƙa ta taga muna gaisawa da mai maganin. Amfilifayar na kan kujerar baya a rana, wayoyinta an murɗe su da hannu, salatif ɗin ya narke ya zame ya bar danƙo baƙi, jan ƙarfe a waje. Ya ce in ta ɗauke yakan taɓa nan ne, ya nuna mini wurin da yatsa, ta dawo.

Kafin in nemi motar Sakkwato na tsaya a wani shagon kayan wutar mota na tambayi hular waya. Mai shagon ya ce sai dai wurin masu sola, shi ba a taɓa tambayarsa ba. Da ya ga ina shafa wata jar waya mai kauri da ke rataye, sai ya yi murmushi ya sauko da naɗi biyu, iri ɗaya a ido, ya ɗora mini ɗaya a kowane hannu. Na dama ya rinjayi na hagu sosai. Ya yanko ɗan guntu daga mara nauyin, ya kankare sili da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyon ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Ya kunna laita ya kara: silin suka nannaɗe suka zube, domin alminiyon na narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1,000. Na ɗayan naɗin suka yi ja a wuta, suka tsaya yadda suke.

Irin wannan waya ba ta iya ɗaukar yawan wutar da jan ƙarfe mai kaurinta ke ɗauka, kuma silinta sun fi saurin gutsurewa a ƙarƙashin sukuru. Hula za ta hana gutsurewar, amma ba za ta ƙara mata ƙarfin ɗaukar wuta ba. Wanda ya saye ta sai ya ƙara kauri, ko kuma ya rage girman fiyus daidai da abin da za ta iya.

"Alhaji, wacce aka fi saye?" na tambaye shi.

Ya ɗaga mara nauyin, wadda saura 'yan zagaye ta ƙare.

"Wagga ita ta ukku tun bayan Salla. Waccan kuwa tun bara take nan, ni da ita muna kallon juna."